Muhawara: fasto ya riƙe jakar ikilisiya, ko ya sakar wa dattawa?

Dattijo: Salama gare ku, iyaye da ƴan'uwa. Ga maganar da na tsaya a kanta: fasto kada ya taɓa kuɗin ikilisiya, ko dala ɗaya. Kada ya ƙirga baiko, kada makullin akwati ya kwana a gidansa, kada sunansa ya shiga cikin masu sa hannu a banki. Hujjata Ayyukan Manzanni sura 6. Da gunaguni ya tashi a Urushalima kan rabon abincin matan da mazansu suka mutu, manzanni ba su ce za su ƙara sa ido ba. Cewa suka yi a zaɓo mutum 7 a danƙa musu aikin, su kuwa su tsaya ga addu'a da hidimar Kalma. Mai hujjar da ta fi wannan ya kawo ta.

Baba Fasto: Dattijo, ka karanta sura 6, ka tsallake sura 4. A can, kuɗin gonaki da gidajen da aka sayar a gaban manzanni ake ajiyewa. A sura 11 kuma, gudummawar Antakiya Barnaba da Shawulu ne suka ɗauke ta da hannunsu, dattawan Yahudiya suka karɓa. Sannan in mai kula da ikilisiya ba zai taɓa ganin kuɗi ba, don me 1 Timoti 3 ta sa sharaɗin kada ya zama mai son kuɗi? Maganin abin hali ne. A 2 Sarakuna 12:15 an ce ba a ma nemi lissafi daga waɗanda aka ba kuɗin gyaran Haikali ba, don masu aminci ne. In kun zaɓi mutumin da ba za ku iya amince masa da jika 10, wato sefa 10,000, ba, yaya kuka amince masa da rayukanku?

Malamin Littafi: Baba, a yi mini haƙuri, wannan aya tana da abin da ya gabace ta. Da farko firistoci ne ke karɓar kuɗin kai tsaye, kowa daga hannun mutanen da ya sani. Har shekara ta 23 ta sarautar Yowash ba a gyara ko tsaga ɗaya ba. Sai sarki ya hana su karɓa. Yehoyada ya ɗauki akwati ya huda murfinsa, ya ajiye kusa da bagade. In ya cika, magatakardan sarki da babban firist su zo tare, su ƙirga, su ɗaure a jakunkuna, sannan a miƙa wa masu lura da aikin. Amincin da aya ta 15 ke yabo bayan wannan tsari ya zo. Amma Dattijo ma kada ya yi murna da wuri: babban firist yana wurin ƙirgar. Ba a kore shi ba, an dai hana shi zama shi kaɗai.

Dattijo: Babban firist yana da magatakardan sarki a gefensa, wanda ba ya jin tsoronsa. Wa zai zauna gefen fasto a ikilisiyarmu ya ce masa "Baba, sake ƙirgawa"? Wanda ya yi masa baftisma, ya ɗaura masa aure? Kunya ce ke cinye mu, Malam.

Ma'aji: Iyayena, bari in sauko da maganar kan tebur. Aikin kuɗi kashi uku ne: mai ba da izinin kashewa, mai riƙe kuɗin, da mai rubutawa. Duk ɓarnar da ake ji, in ka bi sawunta, za ka tarar biyu daga cikin ukun sun haɗu a hannun mutum ɗaya, fasto ne shi ko ba fasto ba.

Ranar Lahadi daga tashi sujada ake ƙirga, tun kafin kowa ya tafi cin abinci, a cikin majami'a, ba a gidan kowa ba. Masu ƙirga mutum 2 aƙalla, in an samu 3 ya fi, kuma kada su zama mata da miji ko wa da ƙane. Ana juya su wata-wata. Ana ware takardun kuɗi iri-iri: ƴan jika 10, ƴan jika 5, ƴan jika 2, ƴan jika ɗaya, ƴan dala ɗari, sannan tsaba. Takardar ƙirga tana da layi ga kowane iri: guda nawa, jimla nawa. Wannan layi-layin shi ke kama kuskure, don in aka rubuta jimla kawai, babu yadda za a gano inda jika 5 ta ɓace. Ambulan na zakka, na gini da na godiya kowanne da gurbinsa, ba a zuba su cikin baikon kowa da kowa. Naira kuma, tun da mu nan ba ma rabuwa da ita, musamman ikilisiyoyin wajen Madarunfa da Ɗan Isa, a rubuta ta daban a matsayin naira. Ranar da aka canza, a rubuta a kan nawa aka canza da sunan wanda ya je. Takardar kofi biyu ce: ɗaya ta bi kuɗin zuwa wurin ma'aji, ɗaya ta tafi wurin magatakarda. Da biro ake rubutu, ba da fensir ba. In an yi kuskure a ja layi ɗaya a kai yadda tsohon rubutun zai karantu, a sa hannu a gefe.

Inda ya fi yoyo shi ne tsakanin kwando da tebur. Baƙon mai wa'azi yana sauri, sai a ce a zaro masa kuɗin mota daga baiko. Ƙungiyar mawaƙa na son ruwan leda, a zaro. Ba sata ba ce, amma kuɗin da ya fita kafin a ƙirga shi bai taɓa shiga littafi ba, kuma ba wanda zai iya kare kansa a kai. Don irin wannan ake ware ƙaramin akwati mai tsayayyen adadi, a ce jika 25, wato sefa 25,000. Duk lokacin da aka buɗe shi, tsabar kuɗi da resi in an haɗa dole su ba da 25,000. In resi ya kai 18,500, to 6,500 ne za a tarar a ciki. Ba a ƙara masa kuɗi sai a kan resin da aka kawo. Mai kayan miya a kasuwa ba ta ba da resi, don haka ikilisiya ta buga ƴar takardarta: me aka saya, nawa, wa ya saya, wa ya gani.

A cikin duk wannan, wurin fasto shi ne izini, tare da majalisar dattawa. Riƙo da rubutu na wasu ne.

Mai bishara: Ma'aji, duk abin da ka faɗa na birni ne. Ku ɗauki ikilisiyar ƙauye a wajen Mayahi ko Dakoro mai mutum 20. Baikon Lahadi wani lokaci ko jika ɗaya bai cika ba. Kuɗin kabu-kabu zuwa inda banki yake ya fi baikon wata. Wanda ya iya rubutu a wurin sau da yawa mai bisharan ne kaɗai. In dokar Baba Dattijo ta hau kansa, ai babu abin da za a rubuta ke nan. Kuma dukiyar irin wannan ikilisiya ba kuɗi ba ce, gero ne da wake na baikon kaka.

Uwar zumunta: Ɗana, wannan matan ƙauye sun warware shi tuntuni. A nan jihar Maradi ƙungiyar CARE ta fara Mata Masu Dubara, asusun ajiya da bashi na mata, a 1991, da mata da yawansu ba su taɓa shiga lakol ba, kuma tsarin ya bazu har wasu ƙasashe. Akwatin ƙarfe ne mai kwado uku. Makullai a hannun mata uku, akwatin a gidan ta huɗu. Ba a buɗe shi sai gaban taro. A ƙirga da ƙarfi kowa na ji, a faɗi jimla, mako mai zuwa kafin a buɗe a tambayi taro: nawa muka bari? In mai bishara ne kaɗai ya iya rubutu, ya rubuta. Amma kada makulli ya kasance a hannunsa, kuma abin da ya rubuta ya karanta shi a gaban waɗanda suka ƙirga. In akwai yaro ɗan lakol, shi ma ya duba lambar. Ikilisiya ba ta da uzurin da matan asusu ba su da shi.

Ma'aji: Mama ta gama magana a kan kuɗi. Hatsi kuwa ya fi kuɗi jawo zargi, don yana raguwa ko ba a taɓa shi ba. Dami ba ma'auni ba ne, na wani ya fi na wani, saboda haka a ƙirga dammuna ranar shiga don shaida, amma lissafin gaskiya sai bayan sussuka, da mutum biyu a wurin. A ware tiya ɗaya ta ikilisiya, a yi mata alama, da ita za a auna shiga, da ita za a auna fita. Ana lissafa tiya 40 a buhu. Ga inda ake samun matsala: ranar shiga a auna ana share bakin tiya, ranar rabo a auna tana tudu don tausayi. Kafin a kai ƙasan rumbu an rasa tiyoyi da dama, sai a fara kallon matar mai bishara. A yanke tun farko, da tudu ko ba tudu, a tsaya a kai. Hatsin da bai gama bushewa ba shi ma zai ragu. Wake kuwa in ba a sa shi a buhun PICS mai leda biyu a ciki an ɗaure kowace daban ba, kafin bazara ƙwari sun mai da shi gari. Kuma tun ranar da aka rufe rumbu a yanke rabon: nawa na mai bishara, nawa na gajiyayyu, nawa na iri, nawa za a sayar in farashi ya hau. In aka bari sai damina ta yi tsakiya, yunwa ce za ta yi rabon, kuma bashin hatsin da aka ba da baki ba ya dawowa.

Baba Fasto: Duk na ji. Amma ku dattawa kuna son magana a kan hannun fasto, ba kwa son magana a kan cikinsa. Yawancin faston da ya sa hannu a akwati ba ɓarawo ba ne ranar farko. Albashinsa ne ya yi wata biyu bai fito ba, yaro ba lafiya, ga takardar magani, ga baiko a ɗakinsa. Ya ce aro ne, zan mayar ƙarshen wata. Daga nan ake farawa. Gidan fasto kuma masauki ne: duk baƙon da ya sauka tasha bai san kowa ba, can ake nuna masa. Wa ke biyan wannan tuwon? Moton da yake zuwa gaisuwar mutuwa da ziyarar marasa lafiya a asibitin Danja ko na Galmi, wa ke zuba mata mai? 1 Timoti 5:17 da 18 da 1 Korintiyawa 9:14, masu maganar haƙƙin mai hidima, ba su da wuyar fahimta. Ikilisiyar da ta hana fasto taɓa kuɗi kuma ta hana shi haƙƙinsa, ita ta fara cin amana.

Dattijo: A nan ba ni da ja, Baba. Albashin fasto shi ne farkon abin da zai fita a wata, a rana tsayayya, kafin fenti da kafin sabon amsa-kuwwa. A ware kuɗin baƙi daban, kuɗin mai daban, a sa ƙaramin kaye a moto: rana, inda aka je, lita nawa. In ya nemi a ba shi wani abu kafin wata ya ƙare, kada ya wuce rabin albashi, a rubuta a littafin zaman dattawa, a cire cikin wata 3, kuma ba na biyu sai na farko ya ƙare. Amma ka lura, duk wannan hujjata yake ƙarfafawa. Baikon da ya ci, me ya kai shi ɗakinsa tun farko?

Baba Fasto: To ga wanda ba za ka iya hana shi ba. Ƙarfe goma na dare mutum ya buga ƙofa, matarsa na naƙuda, ko kuwa kwana biyu ba a ɗora tukunya ba, kuma ya gwammace ya mutu da a karanta sunansa gaban majalisa. Fasto zai ce masa jira sai Laraba dattawa su zauna? Matiyu 6:3 fa, da ta ce kada hannun hagu ya san abin da na dama ke yi?

Uwar zumunta: Wannan gaskiya ne, kuma mata ya fi shafa. Abin da ke aiki shi ne a ba fasto ɗan kuɗin jinƙai kowane wata, tsayayye, a ce jika 15. Ya rubuta rana, adadi da irin buƙatar, magani ne ko abinci ko kuɗin mota, amma maimakon suna ya sa lamba. Dattijo ɗaya tak da majalisa ta zaɓa shi ke ganin sunayen. In magani ne, gara a je farmasi a saya a kawo resi da a miƙa kuɗi. In mace ce ke nema, kada fasto ya ba ta a ɓoye shi kaɗai, ko da zuciyarsa fara ce ƙal. Ya bi ta hannun matarsa ko wata dattijuwa. Faston da ake ganin yana ba wata bazawara kuɗi a kai a kai ba tare da sanin kowa ba, zance biyu ya jawo wa kansa, kuma na biyun ya fi na kuɗin muni.

Dattijo: Mama, wannan ƙofa ce kuka buɗe.

Uwar zumunta: Ƙofa ce mai faɗin jika 15, Dattijo, kuma da mai gadi.

Shugaban matasa: Iyaye, ku yi mini izini. Kuna ta maganar kwando, alhali manyan kuɗi yanzu ba ta kwando suke shigowa ba. Ɗan ikilisiya da ke aiki a Yamai ko Abijan zai aiko ta Nita ko Amana ko Airtel Money, kuma lambar da ya sani ta fasto ce. Abokan hidima na ƙasashen waje ma haka. Kuɗin ya shigo da sunan fasto, da katinsa za a karɓa. Ko yana so ko ba ya so ya taɓa. Sannan wa zai ce wannan kyautarsa ce ko ta ikilisiya?

Malamin Littafi: Wannan ita ce ainihin matsalar da Bulus ya fuskanta da gudummawar Urushalima, kuɗi mai yawa daga nesa, kuma sunansa ne a kai. A 1 Korintiyawa 16 ya ce su zaɓi mutanensu su kai da wasiƙa, in ya dace shi ma ya je, sai su tafi tare. A 2 Korintiyawa 8 ya aiki Titus tare da wani ɗan'uwa da ikilisiyoyi da kansu suka zaɓa, ya kuma faɗi dalili: kada kowa ya sami abin zargi, don yana so abin ya zama daidai a gaban Ubangiji da kuma gaban mutane. Bai ce ku amince da ni ni manzo ne ba. Shi ya nemi a sa masa ido tun ba a tambaya ba. A ganina nan halin da Baba Fasto ke magana a kai yake bayyana: fasto ne ya kamata ya fara kawo wannan tsari gaban majalisa. In dattawa suka kawo shi, zai zama kamar tuhuma, kuma kunyar da Dattijo ya ambata za ta kashe shi a zama na farko.

Ma'aji: A aikace, ikilisiya ta sanar da hanya ɗaya ta karɓar aike, a rubuta a allo, a faɗa wa ƴaƴanta na nesa. In duk da haka kuɗi ya faɗo wa fasto, kafin kwana 2 ya nuna saƙon ga ma'aji da magatakarda, a je a karɓa, a ba shi resi kamar kowa, a aika wa mai aikowa hoton resin. Kuɗin cirewa da kamfani ya yanka shi ma a rubuta, don nan ƙananan gibi ke taruwa. In mai aikowa bai faɗi na mene ne ba, a tambaye shi a rubuce, kada a yi masa fassara.

Dattijo: In bai amsa ba, na ikilisiya ne.

Baba Fasto: A'a. Fasto ma yana da ƴan'uwa da abokai. Ƙanensa ya aiko masa kuɗin Kirsimeti sai ya kai wa majalisa? Ma'aunin shi ne da me aka roƙa. In da hoton majami'a, ko na marayu, ko na rijiyar da za a haƙa aka nemi kuɗin, na ikilisiya ne ko da mai aikowa ya rubuta "ga Fasto". Wanda ya nuna rufin majami'a ya karɓi kuɗi ya sayi fili da sunansa, wannan ba ya buƙatar muhawara.

Kuma tun da an matsa wa fasto, bari in juya. Wanda ya riƙe jaka cikin almajirai sha biyun nan ba Yesu ba ne, ba Bitrus ba ne. Yahuza ne, kuma Yohanna 12:6 ya ce yakan ɗiba. Maradi garin kasuwa ne. Wa ake zaɓa ma'aji? Ɗan kasuwar da ya fi kowa rufin asiri, wai shi ba zai ci ba. Ba zai ci ba, amma zai juya. Kuɗin gini na kwance, ga kaya sun yi sauƙi a Jibiya ko Kano, ya ce kafin a tashi sayen siminti na mayar har da riba. Sai naira ta motsa, ko iyaka ta rufe da kayan a wancan gefe. Wani kuma ba ya juyawa, mulki yake yi da shi: in wa'azin Lahadi ya taɓa shi, kuɗin man moto sai ya yi mako biyu bai fito ba. Kun raba fasto da jaka kun naɗa masa sarki.

Ma'aji: Baba bai yi ƙarya ba, kuma maganin duka biyun ɗaya ne: kasafin shekara da ikilisiya ta amince da shi. Abin da ke cikin kasafi ma'aji ba shi da ikon hanawa, abin da ba ya ciki fasto ba shi da ikon umarta, sai majalisa ta zauna. Ma'aji ya yi wa'adi, shekara 2 ko 3, ana iya sabuntawa sau ɗaya. Kowane ƙarshen wata wani na uku, wanda ba ya riƙo ba ya rubutu, ya jera abu uku: takardun ƙirga, littafin ma'aji, da takardar bayanin asusu daga banki. Sau biyu a shekara a zo wa ma'aji ba sanarwa a ce buɗe akwati. Mai juya kuɗi a kasuwa wannan kaɗai ke kama shi, don in ya san ranar zai aro ya cike. Kowane wata 3 a karanta wa jama'a abin da ya shiga da abin da ya fita, da Hausa, ba da Faransanci ba.

Asusun banki da sunan ikilisiya ake buɗewa, da takardun ƙungiyar da take ƙarƙashinta da takardar zaman da ya naɗa masu sa hannu. Mutum 3, kowane 2 su isa. Abin da ke rusa wannan shi ne ɗaya zai yi tafiya sai ya sa hannu a cek 5 babu adadi ya bari. Daga ranar asusun ya koma na mutum ɗaya. Kuma banki ba shi ne ƙarshen dabara ba: bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, da takunkumin CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ya hau, kowa ya ga yadda fitar da kuɗi daga banki ya yi wuya har aka ɗage shi a Fabrairu 2024. Dole wani kuɗi ya zauna a hannu, sai dai majalisa ta yanke iyakarsa, kuma ya zauna a akwati mai kwado biyu.

Shugaban matasa: A ƙara da ajiye kofin takardu. A Janairu 2015 an ƙona majami'u a Zinder da Yamai, a Yuni 2019 an ƙona ɗaya a nan Maradi, unguwar Zariya. Littafin da ke cikin gini yana tafiya tare da ginin, haka takardar fili. Ɗaukar hoton shafin wata da waya ba ya cin minti 5, a tura wa mutum biyu. Takardun fili na asali kuma su zauna a ofishin ƙungiya, da sunan ikilisiya, ba da sunan wanda ya kafa ta ba.

Uwar zumunta: Tambaya ɗaya da ba a taɓo ba. Fasto ya ga sunayen masu ba da zakka da adadinsu?

Baba Fasto: Makiyayi ya kamata ya sani. Wanda ya saba bayarwa ya daina, ko dai kasuwarsa ta karye ko zuciyarsa ta yi sanyi, kuma duka biyun aikin fasto ne.

Malamin Littafi: Ni ina tsoron Yakubu sura 2, wadda ta hana fifita mai kuɗi a kan talaka, Baba. Wuya ne ka san wane ne ke ɗauke da rabin kasafi sannan ka tsawata masa kamar kowa ranar da ya saki matarsa ko ya cuci yaron shagonsa. Ma'aji na iya cewa "Baba, ka leƙa gidan wane" ba tare da ya faɗi lamba ba.

Baba Fasto: A garin da kowa ya san motar kowa? Fasto ya riga ya san masu kuɗin, Malam. Rufe littafi ba zai ba shi ƙarfin hali ba in ba shi da shi.

Mai bishara: To in duk an yi wannan kuma aka tarar da gibi fa? Don a ƙauye abin da ake yi shi ne a yi shiru, sai mutane su daina bayarwa, sai a nemi a canza wa mutum wuri.

Malamin Littafi: Canjin wuri ba tare da bincike ba kai matsalar ne wata ikilisiya. 1 Timoti 5:19 ta hana karɓar ƙara a kan dattijo sai da shaidu biyu ko uku, wannan kariya ce gare shi daga jita-jita. Aya ta 20 kuma ta ce wanda ya ci gaba da zunubi a tsawata masa gaban kowa, wannan kariya ce ga jama'a. Tsakanin biyun ga abin yi: a dakatar da fitar kuɗi sai na dole, a karɓi littattafai a ranar, a kira mutum biyu daga wata ikilisiya ko daga ƙungiya su duba, don na gida ba za su iya kallon idon wanda ake zargi ba. A ba shi dama ya yi bayani da takardu a gabansa, domin gibi da yawa resi ne da ya ɓata ko canjin naira da ba a rubuta ba. In ya tabbata, a rubuta yadda zai biya, ya sauka daga bagade na wani lokaci da ƙungiya za ta yanke, a kuma ci gaba da ciyar da iyalinsa, su ba su ci ba. In bai tabbata ba, a wanke shi a bainar jama'a da murya daidai da wadda aka zarge shi da ita. Wannan na ƙarshen ne aka fi mantawa.

Dattijo: Kuɗin jinƙai na bar muku, aiken waya ma na ga ba makawa. Amma sa hannun banki ban sauka ba. In fasto yana cikin ukun, na biyun ba zai taɓa ƙin sa hannu ba in Baba ya miƙo masa biro.

Baba Fasto: In ba ya ciki kuma, dattawa biyu na iya kwashe asusu shi da hukuma da ƙungiya ke tambaya bai sani ba.

Ma'aji: Kowanne kuka zaɓa, a ba fasto kofin takardar banki kowane wata, ya gani ko bai sa hannu ba. Kuma ku kula da ranar miƙa aiki, don nan ne duk tsarin ke tsinkewa. Ezra sura 8 ta nuna yadda ake yi: an auna azurfa da zinariya aka danƙa wa firistoci a bakin kogin Ahawa, da aka isa Urushalima aka sake aunawa, aka rubuta nauyin duka. In an yi wa fasto canji ko wa'adin ma'aji ya cika, a zauna da mai fita da mai shiga da shaidu biyu. A ƙirga tsabar akwati, a auna abin da ke rumbu, a jera kaya ɗaya-ɗaya: moto da takardunta, janareta, kayan sauti, kujeru, hatimi, sauran cek ɗin da ba a cika ba da lambobinsu. A rubuta bashin da ake bin ikilisiya da wanda take bi, har da na mai fitan kansa. Duka su sa hannu, kofi uku. A cikin makon kuma a kai wa banki takardar canjin masu sa hannu, a sake kwadunan akwati.